Rawar Sauti a Karatun Masu Harshe Biyu da Rubutu Biyu

Rawar da sauti ke takawa a karatu fanni ne na nazarin harshe da ƙwaƙwalwa da ke binciken ko mai karatu yana tayar da furucin kalma a zuci kafin ya kai ga ma'anarta, ko da bai motsa leɓe ba. Tambayar ta fi armashi a kan wanda ya iya harsuna biyu masu rubutu daban, kamar Ibrananci da Turanci, ko Koriyanci da Turanci. Faransanci da Turanci haruffansu ɗaya, don haka in ganin kalma a harshe ɗaya ya hanzarta karanta wata a ɗaya harshen ba a sanin ko ido ne ya ga kama ko kunnen zuci ne ya ji ta. In rubutun ya bambanta, kamannin da ido ke gani sun kau, saura sauti da ma'ana.

Yadda ake gwajin

Hanyar da aka fi bi ita ce ta kalmar share fage a ɓoye, wato kalmar da ake gilmawa kafin wadda za a gwada, wadda Forster da Davis suka yaɗa a 1984. Ana zaunar da mutum gaban kwamfuta, a nuna masa jerin alamomi kamar ##### na kusan milisakan 500, wato rabin sakan. Sai kalmar share fage ta gilma na kusan milisakan 50, gajeren lokacin da yawancin mutane ba sa sanin sun ga komai. Nan take kalmar gwaji ta maye gurbinta da ɗaya rubutun, mutum ya danna maɓalli: kalma ce ko ba kalma ba. Abin da ake aunawa shi ne saurin amsa, kuma bambancin yakan tsaya a 'yan gomomin milisakan.

A 1997 Gollan da Forster da Frost suka gwada masu Ibrananci da Turanci, suka ga fassarar kalma tana hanzarta karatu ko da rubutun ya saɓa, kuma tasirin ya fi ƙarfi in kalmomin sun yi kama a furuci. Bincike kan masu Koriyanci da masu Japananci ya ƙara nuna cewa kama a sauti kaɗai, ba tare da ma'ana ɗaya ba, tana iya taimakawa. Wu da Thierry kuwa a 2010 sun auna wutar ƙwaƙwalwar Sinawa masu karanta Turanci zalla. Kalmomin Turanci biyu-biyu da fassararsu ta Sinanci ke da gaɓa mai sauti ɗaya sun sauya alamar da ake kira N400, wato motsin wutar ƙwaƙwalwa da ke fitowa kusan milisakan 400 bayan ganin kalma, alhali kama a rubutu kaɗai ba ta yi haka ba.

Sabiya ta ba da hujja ta wata fuska, domin harshe ɗaya ake rubutawa da haruffan Latin da na Siriliki, irin na Rashanci. Wasu haruffan siffarsu ɗaya amma furucinsu daban: B, H, P da C a Siriliki suna ba da sautin v, n, r da s. Kalmar BETAP a Siriliki "vetar" ce, wato iska, a Latin kuwa "betap", marar ma'ana. Lukatela da Turvey da Feldman sun nuna irin waɗannan kalmomi suna rage saurin mai karatu, domin furuci biyu ne ke tasowa suna takara.

Inda gwaji ke lalacewa

Allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan yana ɗaukar kusan milisakan 16.7 a kowane hoto, don haka milisakan 50 hoto uku ne cif. A nemi 40, na'ura ta ba da 33 ko 50. Alamomin rufi, wato ##### ɗin da ke ɓoye kalmar share fage, dole su kai kalmar faɗi, kuma su dace da siffar rubutun, in ba haka ba a hango ta. Babban tarko shi ne kalmomin aro, domin sun haɗa sauti da ma'ana, sai an kwatanta su da kalmomin da sauti kaɗai ya haɗa. Alkibla ma tana da tasiri: daga harshen uwa zuwa na biyu sakamako yakan fito fili, akasin haka yakan yi rauni, musamman ga wanda bai ƙware ba.

Boko da ajami

Bahaushen da ya yi allo da boko yana cikin irin wannan yanayi. Boko na rubuta kowane wasali amma ba ya nuna tsawonsa ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke rubutu ɗaya, sai jimla ta raba su. Ajami yana iya nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, amma marubuta sun saɓa wajen rubuta sautukan da Larabci ba shi da su, kamar ɓ da ts. Kalmomin aro kuma sun yi nisa da asalinsu ba daidai ba: "sadaka" na kusa da Larabcinta, "lokaci" kuwa ya nisanci "al-waƙt" ƙwarai. Mai shirya gwaji da Hausa sai ya auna wannan tazara kalma bayan kalma kafin ya haɗa jerinsa.