Waiwaye: Namijin da ke sa kayan mata a ɓoye, da yadda likitoci suka yi ta sauya masa suna

A ƙauyukanmu na tsakanin Dambatta da Kazaure, idan mace ta dawo daga unguwa ta tarar da maigidanta ɗaure da zanenta, ɗankwali a kai, fassara biyu dangi ke yi. Ko dai a ce aljana ce ta aure shi, a nemo mai ruƙiyya, ko a ce ya fara daudu, magana ta kai gaban mai gari, aure ya mutu. Da wuya ka ji an ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure, alhali likitoci sun haura shekara 100 suna ja-in-ja a kan wannan hali.

Wani likitan Jamus, Magnus Hirschfeld, shi ya fara ba halin suna, wato "transvestism" a Turance, a littafinsa na 1910. Ya lura cewa yawancin mazan da ya bincika mata suke sha'awa, wasu ma da aurensu da 'ya'yansu. Wannan ya kamata mu riƙe, domin a nan muke cakuɗa abubuwa. Ɗan daudun da ke tuyar kaji a tasha ko a kasuwar Wudil sana'arsa da mu'amalarsa a fili suke, kowa ya san shi. Wanda ake magana a kansa kuwa manomi ne ko tela, ba ya rangwaɗa, ba ya karya murya, sai dai sa kayan mata na tayar masa da sha'awa, kuma ba ya so ko inuwarsa ta sani.

A 1952 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da DSM, kundinta na jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, ta jefa halin cikin jerin karkatar sha'awa, ba tare da ta damu da ko mutumin yana wahala ba. Bugun 1980 da na 1987 sun gyara suna da sharuɗɗa. Sai a 1994 aka kawo sharaɗin da, a ganina, ya fi kowanne nauyi: ba a kira shi cuta sai idan yana jefa mai shi cikin ƙunci, ko yana ɓata masa aure, aiki da zaman jama'a. Bugun 2013 ya ƙara raba sha'awar kanta da cutar, yana neman a ga halin ya kai wata 6 tare da wannan ƙunci. Har ya ambaci wata alama mai ban tausayi: mutum ya tara kayan, nadama ta kama shi ya zubar, ya rantse ya daina, bayan ɗan lokaci ya sake saye. Duk wanda ya taɓa tuba daga wani abu ya koma, ya san zafin wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wata hanyar. Kundinta na jerin cututtuka, ICD-10, yana da lambar F65.1 don wannan hali, amma Suwidin ta cire ta a 2009, Nowe a 2010, Finlan a 2011. Da aka amince da sabon bugunsa, ICD-11, a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, sunan ya fita. Hujjarsu ita ce ƙuncin sau da yawa daga tsangwamar mutane yake zuwa.

Mu a nan hukuncin addini sananne ne, hadisin Ibn Abbas a Bukhari ya la'anci namijin da ke kamanta kansa da mata, kuma babu kundin likita da zai goge shi. Sai dai wanda ake faɗa wa hadisin ya riga ya haddace shi, shi ne ma abin da ke hana shi barci. Likita ba fatawa yake bayarwa ba. Yana tambaya ne game da barci, cin abinci, zaman aure, da ko tunanin kashe kai ya taɓa zuwa, sannan a yi magani ta hanyar tattaunawa, a haɗa da ƙwayar rage damuwa idan ta yi tsanani.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Amma a ƙauye ƙofar farko ita ce asibitin sha-ka-tafi, ma'aikacin ciki kuma ɗan gari ne, ya san matar, ya san surukai, sahu ɗaya suke sallar asuba. Shi ya sa mutumin ke haɗiye maganarsa ya koma gona.