Tiyatar rage girman nono: abin da ke sa mace ta gamsu, da abin da ke jawo da-na-sani

Akwai matan da nauyin nono ya zame musu ciwo. Wuya na ciwo, baya na ciwo, igiyar rigar mama ta nutse a kafaɗa har ta bar rami. Ƙarƙashin nono kullum a jiƙe yake da zufa, fata ta saɓule tana ƙaiƙayi, musamman da bazara. Irin waɗannan matan ne ake yi wa tiyatar rage nono, kuma bai kamata kunya ta hana mace zuwa asibiti ta faɗi halin da take ciki ba.

Tun shekarar 2009 likitoci ke amfani da wata takardar tambayoyi mai suna BREAST-Q, wadda Dakta Andrea Pusic da abokan aikinta suka tsara. Mace ce da kanta take amsawa kafin aiki da bayansa, a ba da maki daga 0 zuwa 100 a kan siffar nonon, lafiyar jiki, kwanciyar hankali da zaman aure. Abin da ake ta gani shi ne, kowace hanya aka bi, yawancin mata suna samun sauƙin ciwon wuya da baya, kuma suna cewa da za a maimaita, za su sake yi. Ƙorafi yana fitowa ne daga tabo, da girman da aka bari, da ji a kan nono, da shayarwa. A nan ne hanyoyin suka bambanta.

Abu biyu likita yake yanke wa shawara. Ɗaya yadda zai yanka fata, wanda shi ne zai zama tabo. Ɗaya kuma ta wane ɓangare zai bar kan nono a maƙale da nama, domin ta wannan naman jini da jijiyar ji suke isa gare shi.

A yankan fata, hanyar da aka fi sani ita ce wadda Robert Wise, likita a Amurka, ya bayyana a 1956. Ana zagaye baƙin da ke kewaye da kan nono, a sauko tsaye, sannan a bi lanƙwasar ƙarƙashin nono daga gefe zuwa gefe. Tana ba da damar cire nama da fata mai yawa, shi ya sa ta dace da nono mai girma sosai wanda ya zube. Illarta tsawon tabo. Sannan mahaɗar da ɗinkin tsaye ya haɗu da na kwance ita ce ta fi yawan buɗewa, don a nan fata ta fi ɗamewa kuma jini ya fi ƙaranci. Galibi ɗan rauni ne da wanki da sauya bandeji ke warkarwa cikin makonni, amma wadda ba a gaya wa ba tana ganinsa sai hankalinta ya tashi.

Ɗaya hanyar, wadda Claude Lassus na Faransa da Madeleine Lejour ta Beljiyam suka yi fice a kanta, tana barin tabon zagaye da na tsaye kawai. Mata sun fi yaba tabonta, kuma nonon ya fi tsayuwa. Sai dai a watannin farko yakan zauna sama, ƙasansa a tattare kamar bakin jaka, sai ya yi wata uku zuwa shida kafin ya sauko ya daidaita. An kuma fi komawa yin ƙaramin gyara a wannan hanyar, don a cire ragowar fatar da ta taru a ƙarshen ɗinki. Ta fi dacewa da matsakaicin ragi da fata mai ƙarfi. Idan aka tilasta ta a kan nonon da ya fi ƙarfinta saboda gudun tabo, siffar ce za ta lalace.

Batun naman da ke riƙe da kan nono kuwa, idan ta ƙasa aka bar shi, jini yana isa sosai kuma ji yakan tsira, amma da shekaru nauyin na iya zamewa ƙasa, sama ta zama fayau, kan nono ya kalli sama. Idan ta sama da ɓangaren tsakiyar ƙirji aka bar shi, cikar sama ta fi daɗewa. Ga nonon da ya yi tsawo ƙwarai, ko macen da jini ba zai iya kaiwa kan nononta ba, akan cire kan nonon gaba ɗaya a sake dasa shi kamar dashen fata. Wannan yana ceto shi daga mutuwa, amma shayarwa ta ƙare, ji yakan tafi, kuma a baƙar fata yakan yi dabbare-dabbaren fari. Kada a yi wa macen da ke sa ran haihuwa wannan ba tare da ta fahimta sarai ba. Akwai kuma hanyar zuƙe kitse kaɗai, wadda ba ta barin tabo sosai, amma ba ta ɗaga nonon da ya zube.

Tabo shi ne abin da ya fi shafar mu. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai kauri da wanda ke tsiro ya wuce bakin rauni, kuma tsakiyar ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Dubi hujin kunnenki, da wurin tsaga ko tsohon ɗinkin haihuwa. In akwai tudu mai tauri mai ƙaiƙayi, ko ana yi a danginku, nuna wa likita tun ranar farko, don hakan na iya sauya hanyar da zai bi. Bayan rauni ya rufe ana manna masa faifan silikon, wata irin roba mai laushi, na tsawon watanni, in kuma ya fara tasowa ana yi masa allura a cikinsa. Tabo ba ya nuna kamanninsa na ƙarshe sai bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai shafa man bilicin ya kamata ta gaya wa likita gaskiya, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa. Haka sigari da shisha, a bar su aƙalla mako huɗu kafin aiki da bayansa. Ciwon suga a daidaita shi tukuna.

Lokaci ma yana da tasiri. A jira wata shida ko fiye bayan yaye, kuma nauyin jiki ya tsaya wuri ɗaya, don ciki ko rama mai yawa bayan aiki suna sauya siffar. Mata da yawa suna shayarwa bayan tiyatar idan an bar naman da ke ƙarƙashin kan nono a haɗe, amma babu likitan da zai yi miki alkawarin ruwan zai wadata. Wadda ta kai shekara 40 akan yi mata hoton nono kafin aiki, kuma abin da aka cire a kai shi ɗakin gwaji.

Girman da ake so a tattauna shi da hoto da hannu, domin lambar rigar mama ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ana zana alamun aikin ne kina tsaye, don haka duba madubi ki yi tambaya a lokacin. Kan nonon da aka ɗora sama fiye da kima yana da wuyar gyara. Ki nemi ganin hotunan aikin likitan a kan masu irin fatarki bayan shekara guda, ki kuma tabbatar ƙwararren likitan gyaran jiki ne mai rajista, a asibitin da ke da likitan allurar barci.

Aikin na ɗaukar awa biyu zuwa huɗu. Za ki sa rigar mama marar ƙarfe dare da rana kusan mako shida, ba ɗaukar bokitin ruwa, ba daka, ba ɗaga yaro. Idan ɓangare ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri a ranar farko, jini ne ya taru. Idan kan nono ya sauya launi ya yi sanyi, ko zazzaɓi ya zo da ruwa mai wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.