Waiwaye: Farin Sahel da tsuntsayen da ba su koma Turai ba

A watan Afrilu da Mayun 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun jira wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, mai rera waƙa a shingayen gonaki, amma kaɗan ne suka iso. Da aka haɗa lissafi, yawansa ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari a shekara guda. Sai a 1974 masana suka bayyana dalilin: damina ta gaza a Sahel a 1968, inda tsuntsun ke cin rani, daga Senigal har Tafkin Chadi.

Abin yana da nasaba da kitse. Tsuntsun bai kai giram 20 ba, ga Sahara a gabansa, tafiyar kilomita 1,500 ko fiye, babu ci babu sha na kirki. Don haka a Maris da Afrilu, lokacin da zafin bazara ke gasa mu, shi yana ta cika ciki. Masu binciken da suka zauna a Malam Fatori, a bakin Tafkin Chadi, a ƙarshen shekarun 1960 sun riƙa kama su da raga suna aunawa, suka ga yadda suke ƙiba da 'ya'yan itacen asuwaki da ƙananan ƙwarin bakin tafki. In ruwa bai sauka ba, itace ba ya 'ya'ya, ƙwari su yi ƙaranci, tsuntsu ya tashi da guzurin da ba zai kai shi gaɓar Bahar Rum ba. Iskar arewa maso gabas kuma tana dukan ƙirjinsa, sai ya hau sama sosai neman wadda za ta tura shi. Farin 1984 ya maimaita ɓarnar a kan wasu nau'o'in.

Yanzu damuwar ta ƙaru ta wancan ɓangaren. Turai na ɗumama da wuri, tsutsotsin ganye na ƙyanƙyashewa kafin tsuntsayen su iso daga Afirka. Binciken da aka yi a Holan, aka wallafa a 2006, ya nuna wani tsuntsu mai kama ƙuda da ke zuwa Afirka ta Yamma ya ragu da kusan kashi 90 a dazuzzukan da abincin ya riga shi.

Abin da ke damuna shi ne, ko a shekarar da damina ta yi albarka, sare itatuwa da janyewar ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru na iya yi wa tsuntsun abin da fari ya yi masa.