Sashe na 42: Yadda Dokar Ingila Ke Kare Baligin da Ba Ya Iya Kare Kansa

A ce kina aikin kula da tsofaffi gida-gida a Ingila, irin wanda 'yan Najeriya da dama suka shiga bayan da aka buɗe bizarsa a watan Fabrairun 2022. Kin shiga gidan wata dattijuwa da sassafe, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, kin tarar na'urar ɗumama ɗaki a kashe, firji fayau sai rabin kwalbar madarar da ta tsinke. Kin tambaya, ta ce katin bankinta na hannun ɗanta, shi ke mata cefane. Sai ta damƙe hannunki ta ce don Allah kada wani ya ji.

Tarbiyyar da muka taso da ita rufin asiri ce, kuma ba a shiga tsakanin uwa da ɗa. Amma a can, wannan alkawari ne da bai kamata ki ɗauka ba.

Dokar da ke bayan wannan ita ce Care Act ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2015. Kafin ita, takardar jagora ce kawai ta gwamnati, ta shekarar 2000, ake bi. Abin da ya faru a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol ya nuna hakan bai wadatar ba: a 2011 BBC ta ɗauki hoton ma'aikata a ɓoye suna duka da wulaƙanta masu lalurar fahimta, daga baya aka samu 11 da laifi, 6 suka tafi gidan yari. Abin takaicin, wani ma'aikacin jinya ya kai ƙorafi tun farko, aka yi burus da shi.

Sashe na 42 ya ɗora wa ƙaramar hukuma wajibin yin bincike, ko ta sa a yi, idan tana da dalilin zargin abu uku sun haɗu a kan mutum mai shekara 18 ko fiye: yana buƙatar kulawa da tallafi, ana cutar da shi ko an yi sakaci da shi ko yana fuskantar haɗarin hakan, kuma wannan buƙatar tasa ce ta hana shi kare kansa. A lura, zargi mai tushe ya isa, ba sai an kawo hujja ba. Ba a kuma tambayar ko hukumar ce ke biya masa kuɗin kulawa.

Cutarwa ba duka kaɗai ba ce. Jagorar dokar ta lissafa nau'i goma, har da tsoratarwa, lalata, bautarwa, wariya, da sakacin da mutum ke yi wa kansa, kamar wanda ya tara tarkace har ba wurin taka ƙafa. Amma cin dukiya ne dokar kanta ta tsaya ta fayyace: sace wa mutum kuɗi, damfararsa, matsa masa lamba kan dukiyarsa, ko kashe ta ba yadda ya dace ba. Maganar dattijuwarmu nan ta faɗa.

To, ke mene ne naki? Ba bincike ba. Kada ki tari ɗan da maganar, kada ki tsare uwar da tambayoyi kamar 'yar sanda. Ki gaya mata cikin ladabi cewa dole ki sanar da shugabarki, ki rubuta abin da idonki ya gani da kalmomin da ta furta daidai yadda ta faɗe su, da rana da lokaci. Idan rai na cikin haɗari, ki kira 999, lambar agajin gaggawa. Idan shugabar ta danne maganar, kina iya zuwa ƙaramar hukuma kai tsaye, ko hukumar CQC mai sa ido a kan masu ba da kulawa, kuma akwai dokar 1998 da ke kare ma'aikacin da ya tona irin wannan.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne abin da ke biyo baya. Ana ɗauka ma'aikacin jin daɗin jama'a zai zo ya ɗauke tsohuwar kamar yadda ake ɗauke yaro. Ba haka ba ne. Tambayarsa ta farko ita ce: me kike so ya faru? Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a ɗauki kowane baligi a mai hankalin kansa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma yanke shawarar da wasu ke ganin wauta ce ba ya nuna rashin hankali. Idan dattijuwar ta fahimci komai, ta ce katinta kawai take so a dawo mata amma kada a kira wa ɗanta 'yan sanda, galibi ita za a bi, sai fa idan tilasta mata ake yi, ko wasu na cikin haɗari, ko laifin babba ne. Wanda ke shan wahalar bin zancen, kuma ba shi da na kusa da zai tsaya masa, sashe na 68 na Care Act ya ce a nemo masa mai magana da yawunsa.

Wannan yana da ciwo ga ma'aikaci, domin yakan fita ya bar mutum cikin halin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. A ganina dai daidai ne a bar wa babba girmansa. Inda nake da ja shi ne, dokar ba ta ba ma'aikacin ikon shiga gida ba idan ɗan ya tare ƙofa, sai dai ya nemi kotu ko 'yan sanda. Sukotland ta tanadi irin wannan iko tun a dokarta ta 2007.

Shi kuwa mai kulawar da ya ci amana, wata doka ta daban, ta 2015, ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 5 kan muzgunawa ko sakaci da gangan, sannan hukumar DBS mai tantance tarihin ma'aikata na iya sa sunansa a jerin waɗanda aka haramta wa wannan aiki.