Me ya sa gidajen cacar bakin tafkin Sufiriyo na 'yan asalin wurin ne?

Idan ka bi ta can arewacin jihar Mishigan a Amurka, bakin tafkin Sufiriyo inda sanyi ke daskarar da ruwa ya koma ƙanƙara, za ka ga abin mamaki, ɗan ƙaramin gari ne daji ta ko'ina amma ga ƙaton gidan caca fitilu tar kamar rana. Kuma fa na ƙabilun Ojibwe ne, mutanen da Turawa suka tarar a wurin suna kamun kifi, waɗanda a yarjejeniyar 1836 suka miƙa wa gwamnatin Amurka miliyoyin eka aka bar su da 'yan guntayen filaye.

To sirrin yana cikin guntayen filayen nan. A dokar Amurka ƙabila gwamnati ce mai cin gashin kanta a kan filinta, jiha ba ta da ikon shigowa ta yi yadda ta ga dama. A 1987 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Kalifoniya da ƙabilar Cabazon, a taƙaice ta ce abin da jiha ta halatta tana tsara shi kawai, ba za ta zo ta hana ƙabila ba. Ita kuwa Mishigan tun 1972 take sayar da tikitin lotiri da kanta, daga baya ma ribar ta koma tafiya asusun makarantu, ka ga da wane baki za ta ce caca laifi ce? Mu dai a wajenmu caca caca ce ko an sa mata hula, amma maganar doka ake.

Kafin hukuncin ma an fara. Wani Fred Dakota a garejin mota ya buɗe gidan cacarsa a yankin Keweenaw Bay daren shiga 1984, da lasisin ƙabilarsa, daga baya kotun tarayya ta rufe shi. A 1984 ɗin ƙabilar Bay Mills ta buɗe gidan cacar Kings Club a garin Brimley.

Sai a 1988 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar tsara cacar ƙabilu da ake kira IGRA, Shugaba Reagan ya sa hannu, ta raba caca gida uku. Wasannin gargajiya na ƙabila ne ita kaɗai, bingo (wasan dacen lambobi a kati) da makamantansa ƙabila ke tsarawa hukumar tarayya na sa ido, amma na ukun, wato injinan nan da ake zuba kuɗi da teburan karta irin na Las Vegas, dole sai an zauna da jiha an sa hannu a yarjejeniya. Kuɗin ma ba a ci yadda aka so, sai dai gudanar da mulkin ƙabila, jin daɗin jama'arta kamar asibiti da makaranta, bunƙasa tattalin arziki, sadaka, da tallafa wa ƙananan hukumomi. In za a raba wa mutane a hannu sai Ma'aikatar Cikin Gida ta amince da tsarin.

Mishigan ta sa hannu da ƙabilu bakwai a 1993, suna ba ƙananan hukumomi kashi 2 cikin ɗari na ribar injina, jiha kashi 8, bisa sharaɗin ba za a ba wani irin cacar ba sai su. A 1996 masu zaɓe suka amince da gidajen caca uku waɗanda ba na ƙabilu ba a birnin Ditroit, daga baya sharaɗi ya karye, yawancin ƙabilun suka daina biyan kashi 8 ɗin, kashi 2 kuwa har yanzu ana biya.