Ƙaramin kan sarki: dokar da ta ɗaure fanshon matan aure da na mazajensu a Birtaniya

Daga ranar 5 ga Yulin 1948, duk mai aikin albashi a Birtaniya yana da wani kati mai gidaje-gidaje, kowane gida na mako guda. Mai ma'aikata zai sayo wani kan sarki na musamman a gidan waya ya liƙa, ya yanke kason ma'aikaci daga albashinsa, shi ma ya zuba nasa. Wannan ita ce Inshorar Ƙasa, wadda gwamnatin Leba ta Clement Attlee ta yi wa doka a 1946. Kusan adashi ne babba: kana zubi lokacin da kake da lafiya da aiki, ka ɗauka ranar ciwo, ko rashin aiki, ko tsufa. A wancan lokacin, namiji yana shiga fansho a shekara 65, mace a 60.

Matar aure kuwa an ware mata tata ƙofar. Dokar ta ba ta zaɓi: ko ta yi cikakken zubi, ko ta sa hannu a takarda ta ce ta haƙura, a riƙa cire mata 'yan kwabbai kawai na inshorar rauni a wajen aiki. Wannan na biyu shi matan suka yi wa laƙabi da ƙaramin kan sarki. Wadda ta zaɓe shi ba ta da kuɗin jinya, ba ta da kuɗin rashin aiki, ba ta da fansho da sunanta. Abin da za ta samu a tsufa yana rataye ne da zubin maigidanta.

To me ya sa mace mai hankali za ta yarda? Lissafin ne ya tura ta. Lokacin da tsarin ya soma, fanshon mutum ɗaya sule 26 ne a mako, na miji da mata kuma sule 42. Wato akwai sule 16 na uwargida ko da ba ta taɓa zuba ko anini ba. A ce wata mai aikin saƙa a masaƙun auduga na Lankasha a arewacin Ingila ta dage, ta yi shekara da shekaru tana cikakken zubi: a ƙarshe sule 26 za ta karɓa, ba za a haɗa mata da 16 ɗin ba. Ke nan guminta sule 10 kacal ya ƙara mata. Idan ta kwanta ciwo ko aiki ya kuɓuce mata, abin da za a ba ta bai kai na namiji ko na macen da ba ta da aure ba, wai ai akwai mai ciyar da ita. Akwai kuma wani sharaɗi mai kama da tarko: sai ta yi zubi na aƙalla rabin shekarun da ke tsakanin aurenta da cikarta 60 kafin ta ci fansho da sunanta. Wadda haihuwa da raino suka cinye mata shekaru za ta iya faɗuwa a nan, zubin baya ya bi ruwa. Ga kuɗin hayar gida, ga takalman yara, ranar biyan albashi kuma kowane kwabo da wurin zamansa. Mafi yawansu sai suka ɗauki ƙaramin.

Wannan tunani ya fito ne daga rahoton 1942 na masanin tattalin arziki William Beveridge, wanda aka gina dokar a kansa. Ya dubi ƙidayar 1931, ya ga matan aure ƙalilan ne ke aikin albashi, sai ya gina tsarin a kan cewa miji ne mai nema, mata kuma aikinta gida da 'ya'ya, aikin da ya ce yana da muhimmanci amma ba na kuɗi ba ne. Abin mamaki, yana rubutun ne mata na cike da masana'antun makamai da gonaki, don tun Disambar 1941 an soma kiran 'yan mata marasa aure aikin yaƙi dole.

Gwamnati kanta baki biyu ta yi ta yi. Ta soke ƙa'idar sallamar mace daga koyarwa idan ta yi aure a 1944, ta soke ta a aikin gwamnati a 1946. A 1947 ta fito tana roƙon mata su koma masana'antu saboda ƙarancin hannu, alhali ta riga ta rage kuɗin gidajen rainon yara na lokacin yaƙi, da yawa sun rufe. Abu guda da ya shiga hannun uwa kai tsaye shi ne alawus ɗin iyali na dokar 1945, sule 5 a mako kan kowane yaro daga na biyu, shi ma sai da 'yar majalisa Eleanor Rathbone ta kafe kafin aka yarda uwa ta karɓa.

Mata dai ba su zauna gida ba. A 1951 kusan ɗaya cikin biyar na matan aure na aiki, zuwa 1971 sun haura kashi 40 cikin ɗari. Nan aibin dokar ya fito fili. Matar da suke sa'o'i da mijinta, idan ta ajiye aiki a 60, sai ta jira shekara biyar ya cika 65 kafin ta ga kasonta. In kuma mijin mai giɓi ne a katinsa, giɓin ya shafe ta.

Gyara ya zo a makare. Daga 1977 aka daina karɓar sababbin masu zaɓen ƙaramin zubi, amma waɗanda ke ciki an bar su su ci gaba. A 1978 aka kawo kariya ga shekarun da aka yi a gida ana raino ko jinyar wani, don kada su rage fansho, sai dai ba ta aiki a shekarun da mace take kan ƙaramin zubi. Kason uwargida ya zauna a wajen kashi 60 cikin ɗari na fanshon miji, shi ma ba kowa ya isa hannunta daidai ba. A 2021 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya bayyana cewa an tauye wa 'yan fansho kusan 134,000 haƙƙinsu, akasarinsu matan aure da waɗanda mazansu suka rasu, kuɗin da ya haura fam biliyan ɗaya. Wasu sun rasu kafin a gano.