Auna yanar ido da hoton kwamfuta

Auna yanar ido da hoton kwamfuta hanya ce da likitocin ido ke bi su ɗauki hoton madubin da ke cikin ido, kwamfuta ta lissafa yawan dishewarsa, a adana, a gwada shi da na bayansa. Yanar ido, wato dishewar madubin, takan fara ne a tsakiyarsa, ko a gefensa, ko a bayansa, kuma kowace da irin hoton da ya fi fito da ita.

Kafin wannan hanya ta yaɗu, likita kan leƙa idon da na'ura mai siririn haske, ya kwatanta abin da ya gani da hotunan gwaji, irin na tsarin LOCS III da wani likitan ido mai suna Leo Chylack da abokan aikinsa suka fitar a 1993. Har yau ana amfani da shi, sai dai likitoci biyu kan duba ido ɗaya su ba shi maki daban.

Da farko akan ɗiga wa majinyaci magani ƙwayar idonsa ta buɗe, ya ɗora haɓa da goshi a kan na'ura. Yanar tsakiya da dabarar Scheimpflug ake ɗaukarta, wadda aka raɗa wa sunan wani hafsan sojan Ostiriya: ana karkata kyamara ta yadda madubin zai fito tar daga gaba har baya, kamar an yanka albasa biyu. Da ita na'urar Pentacam ta kamfanin Oculus na Jamus ke aiki. Yanar gefe da ta baya kuwa, haske ake turawa can cikin ido, idan ya dawo sai ta bayyana baƙi-ƙirin a kan jan fili.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano yanar ido ce ke jawo kusan kashi 43 cikin 100 na makantar masu shekara 40 zuwa sama. A Kaduna, inda Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa take, mutane kan taso daga garuruwa masu nisa, wasu sai an riƙo musu sanda, kuma ba lallai su tarar da likitan da ya duba su bara ba. A nan ajiyayyen hoto ke da rana.

Na'urorin suna da tsada, suna kuma buƙatar tsayayyar wutar lantarki. Hoton ma ba ya yanke shawarar tiyata shi kaɗai: likita zai tambayi tela ko har yanzu yana iya zura zare a allura, direba kuma ko fitilun motoci na kashe masa ido da dare.